INA DUWATSUNMU GOMA SHA BIYU?

(Wannan jawabi ne da ɗaya daga cikin dattawanmu ya gabatar a taron godiya na ƙarshen shekara na 'yan'uwa Hausawa Kirista mazauna Suleja da kewaye. Mun buga shi yadda ya faɗe shi, saboda waɗanda ba su sami halarta ba.)

  

Da 'yan kwamiti suka ce ni zan yi magana yau, sai na ce musu ku dai sake dubawa. Ni ba fasto ba ne, ban shiga makarantar Littafi ba. Tsohon birkila ne ni, abin da na sani shi ne bulo da siminti da dutse. Sai suka ce ai shi ke nan, yi mana magana a kan dutse. To, a kan dutsen zan yi magana, ku yi haƙuri da ni.

DUWATSUN GILGAL

Wanda yake da Littafi Mai Tsarki ya buɗe Joshuwa sura 4. Isra'ilawa sun yi shekara 40 a jeji, ga su yanzu a bakin Kogin Urdun. Lokacin girbi ne, kogi ya cika ya batse. Firistoci masu ɗauke da akwatin alkawari suna sa ƙafa cikin ruwa, sai ruwan ya yanke, jama'a suka haye a kan sandararriyar ƙasa.

Da ni ne Joshuwa, da cewa zan yi kowa ya yi sauri, akwai yaƙi a gabanmu. Amma Allah ya tsai da su. Ya ce a zaɓi mutum 12, ɗaya daga kowace kabila, kowa ya koma tsakiyar kogin ya saɓo dutse a kafaɗa. Aka kai duwatsun Gilgal aka kafa. Don me? Don wata rana yara za su gani su tambaya, iyaye kuma su sami dalilin ba da labari.

Ku lura, 'yan'uwa. Allah ya san halin ɗan Adam. Ya san mutumin da ya ga kogi ya tsage da idonsa ma zai iya mantawa, balle ɗansa wanda bai gani ba. Shi ya sa bai bar maganar ga zuciya kawai ba. Ya sa sun yi aiki da hannu, sun ɗauki abu mai nauyi sun ajiye inda ido zai riƙa gani.

Mu nan Suleja muna da Dutsen Zuma. Kullum muna wuce shi a hanyar Madalla, ga shi kuma a jikin takardar naira 100. Amma wa a cikinmu ya ɗaga kai ya dube shi a makon nan? Baƙo ne yake tsai da mota ya ɗauki hoto. Mu mun saba. Haka alherin Allah yake zama a wurinmu: yana nan tsaye, babba, amma sabo ya rufe mana ido.

GARIN BAƘI

Wannan magana ta fi shafar mu mazauna, waɗanda suka bar gida. Garin nan kansa labarin ƙaura ne. A zamanin jihadi, farkon ƙarni na 19, Sarkin Zazzau Muhammadu Makau ya bar Zariya da jama'arsa suka yo kudu, cikin ƙasar Gwari da Koro. Ɗan'uwansa Abu Ja shi ne ya kafa wannan gari a 1828, aka kira shi Abuja. Da gwamnatin Janar Murtala Muhammad ta tsai da shawarar gina sabon babban birni a 1976, sai garin ya bar wa birnin sunansa, shi kuma ya zama Suleja, daga sunan Sarki Sulaimanu Barau. Kun ga su mutanen gari, sunan garinsu ma dutsen tunawa ne. Duk wanda ya ce Abuja ko Suleja, ya ambaci sarakunansu, ko ya sani ko bai sani ba.

Mu kuma fa? Wasunmu aikin ginin Abuja ne ya kawo mu. Wasu sun biyo ma'aikatunsu da gwamnati ta taso daga Legas a Disamba 1991. Wasu rusau na Abuja ne ya koro su tsakanin 2003 da 2007, wasu kuma hana acaɓa a birnin a 2006. Na baya-bayan nan, 'yan bindiga ne suka tashe su daga ƙauyukan Katsina da Zamfara da Kaduna. Kowa da Urdun ɗin da ya haye. Amma 'ya'yanmu a nan aka haife su. Ba su ga kogin ba. Sun buɗe ido sun ga ɗaki da kwano a sama, sun ɗauka haka duniya ta fara.

Littafin Mahukunta sura 2 ya gaya mana abin da ya biyo baya. Muddin Joshuwa da dattawan da suka ga ayyukan Allah suna da rai, jama'a sun bi Ubangiji. Da suka shuɗe, sai wata tsara ta taso wadda ba ta san shi ba, ba ta kuma san abin da ya yi ba. Duwatsun suna nan a Gilgal, amma babu mai ba da labari. Tsara ɗaya tak! Abin da nake jin tsoro ke nan game da gidajenmu.

MANTUWA IRI BIYU

Akwai mantuwar yunwa, akwai mantuwar ƙoshi.

Ta yunwa ita ce ta kama Isra'ilawa a jeji. Kwana uku kacal bayan sun haye Bahar Maliya suna waƙa, suka fara gunaguni a Mara saboda ruwa. A Littafin Ƙidaya sura 11 har suka zauna suna lissafa kifi da kankana da albasa da tafarnuwar Masar. Jama'a, sun tuna albasa, sun manta bulala! Hausawa sun ce wanda ya tuna bara bai ji daɗin bana ba. Irin wannan tunawa ba ita Allah yake nema ba. Tun da aka cire tallafin mai a Mayu 2023, kuɗin mota zuwa Abuja ya zame wa ma'aikaci ciwon kai, mudun shinkafa ya fi ƙarfin mai iyali. Gaskiya ne, ba mai musu. Amma idan hirarmu kullum ita ce yadda abinci yake da araha a da, ba mu taɓa faɗin yadda Allah ya fisshe mu a wahalar da ta gabata ba, to, albasar Masar muke tunawa.

Mantuwar ƙoshi kuwa ta fi haɗari, domin ba ta da zafi. Musa ya yi gargaɗi a kanta a Maimaitawar Shari'a sura 8. Ya nuna musu ranar da za su ci su ƙoshi, su gina gidaje masu kyau, dukiya ta yawaita, ranar ce zuciya za ta ruɗe su su ɗauka ƙarfin hannunsu ne. A nan zan tona wa kaina asiri.

Na zo garin nan a 1982 daga wani ƙauye a ƙasar Malumfashi, a bayan babbar mota, da 'yar jakata da fartanya wadda ban san ba zan yi amfani da ita ba. Na fara da leburanci, ina ɗaukar kwanon kankare a Abuja. Bayan sojoji sun karɓi mulki a ƙarshen 1983, aikinmu ya tsaya, ɗan kwangilar da muke wa aiki ya gudu da kuɗinmu na wata uku. Ba kuɗin abinci, ba na komawa gida. Wani mai shayi, Musulmi, mutumin Daura, shi ya ce in riƙa kwana a rumfarsa. Wata huɗu yana ba ni shayi da burodi safe da dare, bai taɓa rubuta bashi ba. Ya san ni Kirista ne. Ranar Lahadi shi yake tashe ni, ya ce, "Ɗan'uwa, ba ka zuwa cocinku ne yau?"

Shekaru suka wuce, na zama birkila, na kafa wurin buga bulo, na gina gida. Wata rana da magariba wani yaro ya yi sallama, ɗan ƙauyenmu, yana neman wurin kwana kafin ya sami aiki. Na ce masa gidana ba masauki ba ne, zamani ya lalace, ba a yarda da kowa. Ya juya ya tafi. Uwargidana ba ta ce uffan ba sai da dare. Ta kawo mini shayi da burodi maimakon tuwo, ta ajiye, ta ce, "Maigida, ci ka tuna." Jama'a, shayin nan bai shiga ba. A daren na fita da tocila, na same shi kwance a tasha. Yaron nan yau magidanci ne, yana cikin taron nan, ba zan nuna shi ba.

Ni dattijon ikilisiya ne a lokacin, ina ba da zakka, ina jagorar waƙar godiya. Amma na zama kamar mai shayarwar Fir'auna a Farawa sura 40, wanda ya fita kurkuku ya manta da Yusufu har shekara biyu.

DUWATSUN DA MUKA GADA

Ban da na kowane gida, akwai duwatsun da muka haɗa gaba ɗaya, kuma yaranmu da yawa ba su san su ba.

A Disamba 1893 samari uku suka sauka Legas da niyyar kawo bishara ƙasarmu: Walter Gowans, Thomas Kent da Rowland Bingham. Cikin shekara guda biyu sun mutu, Gowans a Girku, Kent kuma a Bida, nan cikin jihar da muke zaune. Wanda ya duba a 1894 zai ce aikin ya mutu. Amma Bingham bai fasa ba, aka kafa tasha a Pategi a 1902, daga wannan aiki na SIM ne ikilisiyar ECWA ta fito a 1954.

A ƙasar Zazzau, Likita Mila na mishan ɗin CMS ya zauna cikin birnin Zariya daga 1905. Wajen 1914 aka kafa ƙauyen masu bi a Gimi, ba a daɗe ba ciwon barci ya faɗa wa garin ya kashe mutane da yawa, dole aka watse. Nan ma sai a ce an gama. Amma da aikin ya koma Wusasa a 1929, aka gina majami'ar Saint Bartholomew da ƙasa, ginin Hausa, tana nan tsaye har yau. Daga wannan 'yar jama'a aka sami Dokta Barau Dikko, likita na farko ɗan Arewa, da Farfesa Ishaya Audu wanda ya shugabanci Jami'ar Ahmadu Bello daga 1966 zuwa 1975. A 1932 kuma aka buga Littafi Mai Tsarki cikakke da Hausa. Littafin da yake kwance a kan kabad ɗinka ƙura ta rufe shi, akwai kaburbura a bayansa.

DUTSE MAI ƊACI

Yanzu na zo wurin da ya fi wuya. Wani zai ce, "Baba, kana maganar amincin Allah, ina yake a 2011?" Tambaya ce ta gaskiya, ba zan kauce mata ba.

Ran 8 ga Afrilu 2011 bam ya tashi a ofishin hukumar zaɓe a nan Suleja. A watan Yuli wani ya tashi a wata majami'a cikin gari. Ranar Kirsimeti, 25 ga Disamba, aka kai hari majami'ar Katolika ta Saint Theresa a Madalla, mutane suna fitowa daga sujada, fiye da mutum 30 suka rasu. Kafin shekara ta ƙare aka sa ƙaramar hukumarmu cikin dokar ta-ɓaci. Mun tuna yadda ake caje mu a ƙofar majami'a, mata ba sa shiga da jaka. Wasu 'yan'uwa suka kwashe iyali suka bar garin. Akwai gidajen da har gobe Kirsimeti ranar makoki ce a wurinsu. Ba ni da bakin da zan ce musu abin ba kome ba ne.

Abin da na samu a Littafi shi ne wannan. A 1 Sama'ila sura 7, bayan Allah ya ba Isra'ila nasara a kan Filistiyawa, Sama'ila ya kafa dutse tsakanin Mizfa da Shen, ya sa masa suna Ebenezer, wato dutsen taimako. Wannan kowa ya sani. Amma ku koma sura 4. A wani wuri mai suna Ebenezer ne Filistiyawa suka karkashe Isra'ilawa, suka ƙwace akwatin alkawari, 'ya'yan Eli biyu suka mutu. Shekara 20 suka wuce kafin a kafa dutsen. Sama'ila bai share ranar baƙin ciki ba. Sunan da yake tuna musu da kuka, shi ya ɗora wa dutsen godiya.

Haka kuma Littafin Makoki. An rubuta shi ne a kan kangon Urushalima bayan Babila ta rushe ta. A tsakiyar kukan, sura 3, marubucin ya tilasta wa zuciyarsa ta tuna cewa jinƙan Allah bai ƙare ba, daga nan ya sami abin sa zuciya. Bai ce ya fahimci dalili ba. Mu ma ba mu fahimta ba. Amma ga abin da muka gani: an so a rufe majami'u, ba su rufu ba. An so Suleja ta kama da wuta tsakanin Musulmi da Kirista, ba ta kama ba. Sarkin Musulmi Alhaji Sa'ad Abubakar ya fito a makon ya bayyana cewa wannan ba faɗan addinai biyu ba ne, tsakanin mutanen kirki ne da miyagu. Ni kuwa, wanda ya fara shigowa gidana yi mini jaje ranar nan ɗan mai shayin nan ne.

Saboda haka mu yi hankali da abin da muke mika wa yara. Idan abin da suka gada daga 2011 tsoro ne da ƙiyayyar maƙwabci, to, ba dutsen Ebenezer muka kafa ba, dutsen jifa muka ba su. Masifa ba ta tambayar addini. Tankar man da ta kama wuta a mahaɗar Dikko a Janairu 2025 ta ci fiye da mutum 80, a asibiti ɗaya muka tsaya, hawaye iri ɗaya muka zubar.

TO, ME ZA MU YI?

Birkila ba ya barin aiki a kan takarda. Ga abubuwa huɗu da kowa zai iya farawa a makon nan.

Na ɗaya, ka rubuta. Sayi littafin rubutu irin na 'yan makaranta. A hagu ka sa kwanan wata da abin da ka roƙa, a dama ka sa ranar da amsa ta zo da yadda ta zo. Wanda bai iya rubutu ba, jikansa ya rubuta masa, riba biyu ke nan. A Littafin Esta sura 6, daren da barci ya ƙi sarki, littafin tarihi aka karanta masa, aka tarar da alherin Mordekai wanda ba a sāka ba. Ranar da barci ya ƙi ka saboda kuɗin haya ko kuɗin makaranta, ɗauko naka littafin.

Na biyu, ka ajiye wani abu da yara za su gani su tambaya. Allah ya sa Haruna ya ajiye tulun manna domin tsararraki masu zuwa, Fitowa sura 16. Mahaifiyata tana da wata tsohuwar ƙwarya, ba ta yarda a taɓa ba. Da ita ta auna dawar ƙarshe a gidanmu lokacin farin 1973, ta yi addu'a a kanta, ba wanda ya mutu a cikinmu. Duk kaka sai ta ɗauko ta ta ba mu labarin. Ƙwaryar tana ɗakina yanzu. Kai ma kana da naka: katin asibiti, tsohuwar jakar da ka zo da ita, rasit na hayar ɗakinka na farko. Kuma ku ba da labarin da Hausa, a lokacin cin tuwon dare, a kashe talabijin, a ajiye waya. Kada ku ɓoye wuraren kunya. Yaron da bai san ubansa ya kwana a rumfa ba zai raina mai kwana a rumfa.

Na uku, ka koma ka yi godiya. Kutare 10 Yesu ya warkar a Luka sura 17, ɗaya ne ya dawo, shi ma Basamariye, baƙo. Allah yakan yi taimakonsa ta hannun mutane. Wa ya fara ba ka ɗaki a garin nan? Wa ya tsaya maka ka sami rumfa a kasuwa? Wa ya ba ka hannun farko a adashi lokacin da matarka take asibiti? In yana da rai, je ka gaishe shi. In ya rasu, nemi 'ya'yansa. Zumunta a ƙafa take, yaba kyauta kuwa tukuici.

Na huɗu, kuma shi ne ma'auni, tunawa ta shiga cikin ma'amala. Ku karanta Maimaitawar Shari'a sura 24. An hana riƙe haƙƙin ɗan ƙodago ya kwana. An hana karɓar dutsen niƙa jingina, domin da shi gida yake ci. An ce a bar kala a gona saboda baƙo da maraya da gwauruwa. Dalilin da aka bayar sau biyu shi ne su tuna su ma bayi ne a Masar. Saboda haka mai gidan haya da ya tuna, ba zai watso kayan gwauruwa waje don ta yi lattin wata biyu ba. Mai awo a kasuwar IBB da ta tuna, ba za ta bubbuga gindin mudu ba. Mai wurin bulo da ya tuna, ba zai rage siminti ba, ba kuwa zai ce wa lebura ya dawo gobe alhali kuɗin yana aljihunsa. 'Yan gudun hijirar da suke shigowa daga ƙauyukanmu, su ne jarrabawarmu ta yau.

Ina kuma roƙon shugabannin ƙungiya, a sa samari biyu ko uku su bi tsofaffinmu gida-gida da waya, su ɗauki labarin zuwansu garin nan, a rubuta, a riƙa bugawa a mujallarmu. Waɗanda muka zo tare sun fara raguwa. Duk tsohon da muka binne ba mu ji labarinsa ba, dutse ɗaya ya koma kogi.

A ƙarshe, 'yan'uwa, Ubangijinmu Yesu da kansa, a daren da aka bashe shi, bai bar mana gini ko gunki ba. Gurasa da ƙoƙo ya ba mu domin tunawa da shi. Duk lokacin da muka zo Jibin Ubangiji, muna tsaye ne a gaban dutsen da ya fi na Gilgal. Wanda bai hana mu Ɗansa ba, ba zai yashe mu a kan kuɗin haya ba.

Yau in kun koma gida, kafin a kwanta, maigida da uwargida ku tara yara ku ƙirga abu 12 da Allah ya yi wa gidanku tun ranar da kuka sa ƙafa a Suleja. In kun fara, za ku ga 12 sun yi kaɗan.

Allah ya ba mu zuciya mai tunawa. Ya ta'azantar da waɗanda suka yi rashi. Ya ba garin nan da sarkinsa da dukan mazaunansa zaman lafiya. Ya kai kowa gidansa lafiya, ya nuna mana baɗi. Amin.